Daɓen Bosuwaja: Tarihin Mota Daga Ƙarƙashinta



Duk lokacin da aka ɗauko hirar tsofaffin motoci, abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne fenti da fitilu da ƙugin inji. Da wuya ka ji wani ya yabi wurin da fasinja ke ɗora ƙafa. Amma masu sana'ar farfaɗo da tsofaffin motoci a Jamus da Ingila da Amurka, idan aka kai su ganin mota ba sa ɓata lokaci a kan fenti. Durƙusawa suke yi da tocila da sukudireba, su ɗage shimfiɗar ƙasa, su tsokani ƙarfen. In sukudireba ta ɓurma ta leƙa waje, to ciniki ya koma sabo. Wannan faffaɗan ƙarfe da ke ƙarƙashin kujeru, wanda za mu kira daɓen mota, shi za mu bi tarihinsa yau, kuma za mu bi shi ne ta jikin motar da kusan kowannenmu ya taɓa gani ko da a hoto, wato Volkswagen Beetle, wadda iyayenmu ke kira Bosuwaja ko Bitil.

Motocin farko gadon keken doki suka ci. Ana shimfiɗa dogayen ƙarafa biyu a haɗa su kamar tsani, a ɗora inji da ƙafafu, sannan a aza gangar jiki a sama. Daɓen kuwa katako ne. Hatta Ford Model T, wadda ta cika duniya daga 1908, a kan katako direbanta ke taka ƙafa, in ya ruɓe kafinta ya yanko wani. Da aka shiga shekarun 1920 da 1930 sai masu ƙira suka rabu gida biyu. Wasu suka ce a zubar da tsanin nan, a haɗe jiki da casis su zama abu guda kamar ƙwanson ƙwai, kowane ɓangare na riƙe da ɗan uwansa. Haka Citroën ta yi da Traction Avant a 1934, Opel ta biyo baya da Olympia a 1935, kuma a kan wannan hanya kusan duk ƙananan motocin yau suke. Wasu kuma suka bi ra'ayin Hans Ledwinka, injiniyan kamfanin Tatra na ƙasar Cekoslobakiya, wanda tun 1923 ya fito da mota mai bututu guda ɗaya ƙaƙƙarfa a tsakiya, tamkar ƙashin bayan dabba, komai a jikinsa yake rataye.

Lokacin da gwamnatin Hitila ta ba Ferdinand Porsche kwangilar zana "motar talakawa" a 1934, hanya ta biyu ya ɗauka. Kamannin sun yi yawa har Tatra ta shigar da ƙara, mamayar da Jamus ta yi wa Cekoslobakiya ta binne maganar, sai bayan yaƙi aka tono ta, Volkswagen ta biya diyya a shekarun 1960.

Bari mu tsaya mu kalli abin da Porsche da mutanensa suka ƙera, domin duk labarin a nan ya rataya. Wanda ya taɓa shiga Bosuwaja zai tuna da wani doro da ya taso daga gaba zuwa baya, tsakanin direba da na kusa da shi, inda sandar giya da birkin hannu suke. To wannan doron shi ne ƙashin bayan motar. Cikinsa rami ne, ta nan sandar canja giya da wayar kuloci da ta totur da bututun fetur suke bi zuwa baya, tunda injin a baya yake, tanki kuma a gaba. Gaban doron na riƙe da ƙafafun gaba, bayansa ya rabu biyu kamar gwafa ya tallafi giyabos da inji. A dama da hagunsa aka manna faranti biyu na ƙarfe da waldar ɗigo-ɗigo, kowanne da 'yan kwaruruka da aka matsa masa don ya yi ƙarfi. Su ne daɓen. A kansu aka yi waldar layukan da kujerun gaba ke zamewa. Gangar jikin kuwa, da rufinta da ƙofofinta, ɗora ta ake yi a sama kamar murfin tukunya, a sa roba a tsakani, a ɗaure da notuna a kewaye. Ma'ana, in ka kwance notunan ka ɗage jikin, abin da ya rage a ƙasa yana da inji da ƙafafu huɗu, kuma turawa za ka yi ya gangara.

Talakawan da aka yi motar dominsu ba su mora ba. An aza harsashin masana'antar a ranar 26 ga Mayu 1938, aka ce kuɗin mota mak 990, a riƙa zuba mak 5 duk mako kamar adashi. Mutum kimanin 336,000 suka zuba, ba wanda ya karɓi makulli. Yaƙi ya ɓarke, aka ajiye jikin farar hula gefe, aka gyara ƙasan aka ɗora masa jiki mai kama da bokiti, sai ga motar soja Kübelwagen, wadda aka ƙera kimanin 50,000, da guminsu dubban mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye ana sa su aikin dole. Amfanin farko da aka ci na rabuwar daɓe da jiki ke nan, kuma ba abin alfahari ba ne.

Bayan yaƙi, wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya tarar da masana'antar a rugurguje a 1945, ya shawo kan rundunarsu ta ba da odar mota 20,000. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1955 aka cika miliyan ɗaya, a shekarar kuma aka faɗaɗa daɓen kaɗan aka ɗora masa jikin 'yan gayu mai suna Karmann Ghia. A Kalifoniya wani mai ƙera kwalekwale, Bruce Meyers, ya riƙa yanke kimanin santimita 36 daga tsawon daɓen, ya ɗora masa jikin roba mara nauyi, ya sami motar tsere a kan yashi. A Barazil aka gina Brasília a kan irin wannan tsari. Ƙasa ɗaya, riguna barkatai.

A tallace-tallacen shekarun 1960 a Amurka, kamfanin ya sha yin tinƙaho da wannan daɓe. Wai ƙasan motar a rufe yake ruf da farantin ƙarfe, har in ta faɗa ruwa takan yi iyo na ɗan lokaci kafin ta nutse. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ƙwaryar da ta hana ruwa shiga ita ce kuma ke hana shi fita. Robar gilashi ta tsufa ta tsage, ruwan sama ya silalo ta bayan allon mita. Direba ya shigo da dusar ƙanƙara a takalmi, ta narke. Duk ya gangara ya kwanta a mafi zurfin wuri, ƙarƙashin kafet da allunan kwalta da aka shimfiɗa don rage ƙara, inda iska ba ta kaiwa balle rana. Mai mota yana wanke waje yana goge fenti duk Lahadi, alhali ƙarƙashin ƙafarsa a jiƙe yake tun bara.

Sai kuma batir. A Bosuwaja ƙarƙashin kujerar baya aka zaunar da shi, a ɓangaren dama, kai tsaye a kan daɓe. Ruwan batir ya tafasa ya zubo, asid ya cinye fenti, ya shiga ƙarfe. Shi ya sa a ƙasar sanyi da ƙasar zafi duka, wurin da Bosuwaja ke fara ɓulewa ke nan. Akwai kuma wasu dogayen akwatuna biyu a ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda ke kawo iska mai zafi daga wajen salansa zuwa gaba don ɗumama fasinja. Su ne gindin gangar jikin, ta cikinsu notunan ke kama daɓe. Zafi ya bi ta ciki, a kashe mota sanyi ya dawo, raɓa ta taru, tsatsa ta fara daga inda ido ba ya gani. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne bututun man birki da ke tafiya zuwa ƙafafun baya: ta cikin motar aka bi da shi, a gefen doro, daidai cikin wannan damshi. A motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960 layin birki guda ɗaya ne tal, in ya ɓule a wuri ɗaya ƙafafu huɗun sun tafi tare. Ga shi kujera a kan daɓen take. Don haka ruɓaɓɓen daɓe ya wuce maganar kyan gani, magana ce ta rai.

Ita tsatsa abu uku take nema: baƙin ƙarfe, ruwa, da iskar oksijin. Ƙarfe daga ƙasa aka haƙo shi yana haɗe da oksijin, aka raba su da wuta, kuma tun ranar yake neman komawa gida. Alminiyam ma yana haɗuwa da iska, amma fatar da yake yi siririya ce mai kamewa, sai ta rufe shi ta kare na ciki. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa kumbura take yi, ta ɓamɓare, ta sha ruwa kamar soso ta riƙe, ta buɗe sabon wuri. In aka zuba gishiri a ruwan, ya zama mai saurin ɗaukar lantarki, aikin ya ninka gudu.

Gishirin kuwa da gangan ake zuba shi. Ruwan gishiri ba ya daskarewa a ma'aunin da ruwan daɗi ke daskarewa, don haka jihar New Hampshire ta Amurka ta fara gwada watsa shi a titi a 1938 domin narkar da ƙanƙara. Bayan yaƙi abin ya bazu zuwa Kanada da Turai, yau Amurka kaɗai na zubar da wajen tan miliyan 20 a shekara. An ceci rayuka daga santsi, an kuma yanke wa miliyoyin motoci hukuncin ruɓewa daga ƙasa. A shekarun 1960 da 1970 ba abin mamaki ba ne mota 'yar shekara biyar ko shida ta ɓule, injinta kuwa lafiya lau.

Kamfanoni ba su yi gaggawa ba, kuma a ganinmu ba sai an yi dogon bincike kan dalili ba: wanda motarsa ta ruɓe sabuwa zai saya. Magani daga gefe ya fara fitowa. A Suwidin, cikin shekarun 1950, ƙungiyar masu motoci tare da wani injiniya Sven Laurin suka fito da dabarar huda ƙananan ramuka a jikin mota a fesa mai da narkakken kaki irin na kyandir cikin lungunan da ke rufe. A Detroit wani Bajamushe, Kurt Ziebart, ya kafa kasuwanci a kan irin wannan aiki a 1959. A farkon shekarun 1960 Ford ta fara tsoma gangar jiki ɗungurungum cikin tafkin fenti ana sakar masa lantarki, don fentin ya kutsa inda bindigar feshi ba ta kaiwa. Su kuwa masu jan ƙafa, kasuwa ta hora su. A 1980 jaridun Ingila suka taso Lancia Beta a gaba saboda tsatsar da ke cin wurin da injin ke zaune, kamfanin ya koma yana sayen motocinsa daga hannun jama'a, sunansa bai sake farfaɗowa a can ba har ya tattara ya bar kasuwar.

Babban maganin tsoho ne, da tsohuwar zuma aka yi shi. Tun 1837 wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakken zinki, abin da ake yi wa kwanon rufin da ke kan ɗakunanmu. Hikimar zinki ita ce yana sadaukar da kansa: ko an karce shi ƙarfe ya bayyana, shi zai ci gaba da lalacewa a madadin ƙarfen da ke kusa. A 1975 kamfanin Porsche, na iyalan mutumin da ya zana Bosuwaja, ya fara yin jikin 911 da ƙarfe mai zinki ciki da waje, ya ba da garantin shekara 6 a kan tsatsa. Audi ta kawo abin ga motocin gama-gari a tsakiyar shekarun 1980.

Bosuwaja dai ta makara. Ranar 17 ga Fabrairu 1972 ta riga ta cika 15,007,034 ta karya tarihin Model T. An rufe ƙera ta mai rufi a Jamus a Janairun 1978, ta ƙarshe a duniya ta fito daga Puebla ta Meziko ranar 30 ga Yuli 2003, jimilla 21,529,464. Mu lissafa: fiye da kashi biyu cikin uku an ƙera su tun kafin Porsche ta taɓa zinki. Da ƙarfe tsirara da fenti suka shigo duniya.

To me ya sa har yau ake ganin su da yawa a tarukan tsofaffin motoci, alhali sa'o'insu sun zama ƙasa? Amsar na nan a notunan da muka ambata. Motar da aka haɗe jikinta da casis, in daɓenta ya ruɓe, sai a kwanta a ƙarƙashi ana yanka ana ɗinki, jiki na neman karkacewa. Bosuwaja kuwa buɗe ta ake yi. A cire kujeru da batir da tankin fetur, a kwance sitiyari da wayoyi, a warware notuna, majiya ƙarfi huɗu zuwa shida su ɗage jikin su ajiye a kan gammo. In akwatunan ɗumin nan ma sun ruɓe, dole a fara gicciya ƙarafa a bakin ƙofofi a yi musu walda ta wucin gadi, in ba haka ba jikin ya saki, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba.

Daga nan sai aikin haƙuri. Kowane ɗigon walda da ya riƙe tsohon faranti da leɓen doro, ɗaya bayan ɗaya ake huda shi, ba a finciko shi da guduma, domin leɓen shi ne abin da sabon zai zauna a kai. A goge leɓen har ya yi fari. Sababbin farantai ana buga su har gobe, akwai masu kaurin kimanin milimita 1.2, akwai na araha da ba su kai milimita 1 ba, waɗanda ke lotsawa in an taka. Araha ba ta ado, a nan ma haka. Masu hankali ba sa kunna walda sai sun mayar da jiki sun gwada, sun ga ramukan notuna sun yi daidai. Sannan a huda ƙananan ramuka a gefen sabon farantin, a shafa fenti mai zinki a inda ƙarfe biyu za su haɗu, a cike ramukan da walda ana tsallakawa nan da can don kada zafi ya taru ya murɗe ƙarfen. Abu biyu ba a wasa da su: bututun fetur na nan cikin doro, kuma hayaƙin zinki in ya ƙone yana kwantar da mutum da zazzaɓi.

Hana tsatsa dawowa shi ne rabin aikin na biyu, kuma a nan masu gyara suka fi jayayya. An dai yarda a kan tsari: a kankare tsohuwar tsatsa, abin da ya maƙale a ramuka a shafa masa asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da shi baƙar fata mai kamewa (shi ne ɗan tsamin da ke cikin lemon kola, kaɗan ne dai a can). A bi da fentin ifoksi, a toshe bakin kowace mahaɗa da danƙo, a yi fentin sama, a fesa kaki cikin doro da sauran lunguna, a tabbatar ƙofofin tsiyayar ruwa a buɗe suke, a sa wa batir tire na roba. Inda aka rabu shi ne baƙin kwalta mai kauri da aka saba yaɓa wa ƙasan mota. Mu muna tare da masu ƙin sa. Yana tare tsakuwa, gaskiya ne, amma in ya bushe ya tsage ruwa ya shige bayansa, daga waje baƙi sumul, ciki kuwa ƙarfe na zama gari. Yaɓa shi a kan tsatsa kitso ne da kwarkwata, kuma dillalai marasa amana sun daɗe da sanin haka.

Wani zai ce, in an canja daɓe, an canja gindin ƙofofi, watakila har da inji, ashe ba wata mota ce daban ba? Tsohuwar gardama ce, Girkawa sun yi ta a kan jirgin ruwan Tisiyas da aka riƙa sauya wa katako ɗai-ɗai. A Bosuwaja takarda ta raba gardama: lambar casis a kan doro aka buga ta, ƙarƙashin kujerar baya. Muddin doron na nan, motar ce. Jamus tun 1997 tana ba motar da ta shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H, da sharaɗin an kula da ita kuma ba a sauya mata kama ba. Gyaran daɓe da faranti irin na asali ba ya hana samun wannan lamba.

Mu dawo gida, domin motar nan tamu ce ita ma. A 1975 aka fara harhaɗa Bosuwaja a Ojo ta Legas, a shekarar da Peugeot ta fara fitar da motoci daga Kakuri a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Brasília ɗin Barazil ma an harhaɗa ta a Legas da sunan Igala. Malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da yawa da Bosuwaja suka fara riƙe sitiyari.

Kuma Allah ya ba yankinmu abin da Turawa ke biyan kuɗi su nema. Masu gyara a Turai har Kalifoniya da Arizona suke aikawa a sayo musu tsofaffin motoci, saboda can busasshiyar ƙasa ce. Daga Kano zuwa Damagaram ba a zuba gishiri a titi, ba iskar teku irin ta Legas, damina 'yan watanni ce, hunturu kuma busar da komai yake yi. Tsatsar da ke kama motocinmu yawanci daga ciki take: ruwan batir, wankin da ake kwarara ruwa a cikin mota, ledar da ake shimfiɗawa a kan jiƙaƙƙen kafet. Sai kuma ajiya. A jingine mota a ƙofar gida, tayoyi su sace, cikinta ya kwanta a ƙasa, damina goma ta wuce a kanta. Motocin da ke zuwa da tsatsar gishiri su ne 'yan Kwatano da aka yi amfani da su a ƙasashen ƙanƙara, shi ya sa mai saye ya kamata ya leƙa ƙasa kafin ya kalli allon mita.

Masu gyaran jikin mota na Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba su rasa gwaninta ba. Mutumin da zai yanko faranti daga tsohuwar ganga, ya buga masa kwari da guduma a kan guntun ƙarfen dogo, ya manna shi da waldar gas, ba a raina hannunsa. Matsalar ita ce abin da mai mota ke iya biya. Sai a ɗora faci a kan ruɓaɓɓen wuri ba a yanke shi ba, a bar aljihu tsakanin ƙarfe biyu inda ruwa zai kwana, a shafe da baƙin fenti, a fesa baƙin mai a ƙasa. Baƙin man yana ɗan korar ruwa, amma yana kumbura roba yana tara ƙura. Bayan damina biyu ramin ya dawo ya fi na da girma.

Abin da ke cinye ragowar motocin nan yanzu ya fi tsatsa sauri. 'Yan gwangwan na zagaya unguwanni, magada na ganin tsohuwar motar baba ta tare hanya, a yi ciniki a tsaye. Ba a tambayar shekarar ƙira, ba a ɗaga kujerar baya a duba lamba. Da gatari da kurfi ake sassara ta a wurin, doro da daɓe da komai, a aza a sikeli a biya da kilo, a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe, inda za ta fito a matsayin rodin gini.